Uban da bai haife ni ba

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za mu koma. Baba ya koma da tsakar damina, ranar da aka wuni ana yayyafi a Lafiya. Maza suka ɗauke shi cikin yayyafi, suka dawo cikin yayyafi, ƙafafunsu duk jar laka. Ni kuwa ina tsaye a bakin ɗakin girki da ludayi a hannu, na rasa abin da na ɗauko shi in yi.

Gidanmu na Bukan Sidi ya cika har gindin mangwaron ƙofar gida. Maƙwabciyarmu 'yar Eggon ta ari mayafi ta yafa, ta zauna kusa da Mama tana kuka da yarenta, Mama tana ba ta haƙuri da Hausa, kai ka ce ita aka yi wa mutuwar. Wani dattijon Bafulatani ya taso tun daga wajen Arikya, inda gonar Baba take. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama. Ya dogara sandarsa ya ce duk shekara in Baba zai ta da kunyar doya, sai ya bar gefe guda bai noma ba don shanu su sami hanyar rafi, kuma bai taɓa zuwa ruga neman godiya ba. Ya faɗi haka, ya shafa addu'a, ya juya ya tafi.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke nuna wa baƙi mutanen gida. "Ga matarsa. Ga 'ya'yansa nan," ta nuna ƙannena. In ido ya faɗo kaina sai ta ce, "Wannan 'yar matarsa ce, da ita aka zo." Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma da mugunta ta faɗa ba, haka maganar take. Sai mata su riƙe hannun ƙannena su ce ya haƙuri, su juyo gare ni su ce sannu da aiki. Ranar nan na sha sannu da aiki har na ƙoshi.

Ni agola ce. A goye Mama ta shigo da ni gidan nan bayan aurenta da mahaifina ya mutu. A tsakar gidan nan na yi rarrafe, a nan na yi famfara, daga nan aka kai ni ɗakin miji. Amma tun da na yi wayo har aka rufe shi, ban taɓa jin Baba ya buɗe baki ya ce ni 'yarsa ce ba. Abin da ya tokare mini ƙirji ke nan ina raba wa mutane kunu. Mutumin nan ya ɗauke ni 'ya ne, ko kuwa ajiyar wani ya riƙe da amana har ya mutu? Da wannan tambayar na shiga zaman makokinsa, kuma ba ni da wanda zan yi wa ita. Ina rubuta abin da na tuna ne don jikokinsa, waɗanda ba su san shi ba sai da sanda.

In na rufe ido, ba fuskarsa nake fara gani ba, bayansa ne. Wata koɗaɗɗiyar riga, da gumi ya zana mata fari a kafaɗa, ni kuma a bayan keke an ɗaure ni a ƙugunsa da tsohon zanen Mama don kada barci ya kayar da ni. Hanyar gona tana wucewa a hankali, hazo bai gama tashi daga kan rafi ba, ganyen doya ya nannaɗe sanduna yana ɗigar raɓa. Ban san ko a farke na ga waɗannan ba ko cikin gyangyaɗi, duk sun haɗe mini wuri guda. Na dai san in rana ta take yakan gasa doya a gindin ɗorawa, ya kankare baƙin da wuƙa, ya zuba manja da gishiri a ganye, ya tura mini tsakiyar, shi ya ci kai da gindi. Sai in kwanta a kan buhu ina jin ƙarar garmarsa tana nisa tana dawowa har barci ya ɗauke ni.

Baba Bagwandare ne, ba Bahaushe ba, gajere, mai faɗin tafin hannu, Hausarsa kuwa ba ruwanta da mace ba ruwanta da namiji. "Kai yarinya, ka zo ka ci abinci." Mu yi ta dariya, ya ce in dai na zo na ci, ai Hausar ta yi aikinta. A rubutun nan zan gyara masa Hausar, tun da ba ya nan balle ya harare ni. Magana ba ta dame shi ba. Duk abin da ya same shi, daɗi ko wuya, "To, ba laifi" ne. Gona ta yi kyau, to ba laifi. Ɓeraye sun shiga rumbu, to ba laifi. Ƙannena kuwa, har babbansu, Baba yana kiran kowa da sunansa, da ƙarfi, tun daga ƙofar gida. Ni kaɗai ce yarinya. Na yi aure ina yarinya, na haihu ina yarinya, furfura ta fara leƙo mini ina yarinya.

Mahaifina direban babbar mota ne. Mu yaran gidan Baban mota muke ce masa, har ni. Yakan ɓace ya daɗe, sai wata rana a ji ƙaho a bakin titi, yara su rugo su ce ga shi nan. Namiji ba ya shiga gidan mijin tsohuwar matarsa, don haka iyakarsa gindin mangwaro. Baba da kansa yake share wurin. Ya fito masa da kujerarsa ta katako, wadda ko Mama ba ta zama a kai, ya sa a kawo ruwa a kofin baƙi, sa'an nan ya leƙo cikin gida ya ce, "Mai 'ya ya iso." Wayyo, kalmar nan! Da ya faɗe ta sai ya saɓi garmarsa ya fice, ko da kuwa ba lokacin gona ba ne, ya bar ni da wani dogon mutum mai warin man dizal da turare, wanda ke miƙo mini biskit yana tambayata ajina nawa. Duk zuwa tambayar ke nan, duk zuwa kuma sai ya yi mamakin amsar. In zai tafi sai ya tarar an jera masa manyan doya a gindin taya, ba a san lokacin da Baba ya dawo ya ajiye ba.

Sau da yawa kuma sai saƙo ya zo, mutum bai zo ba. A ce ranar sallah yana tafe. A yi mini kitso, a sa mini sabuwar atamfa, in zauna a gindin mangwaro tun hantsi ina miƙa wuya duk motar da ta yi ƙara. Can sai Baba ya fito da faranti cike da agushi, ya zauna nesa kaɗan yana ɓara, kamar ba don ni ya fito ba. Inuwa ta juya, mu ja benci mu bi ta. In ya ga idona ya fara kawo ruwa sai ya ce da farantin, "Ina jin taya ce. Hanyar nan tana cin taya." Wata shekarar ya ce wata gada ce ta karye a kudu. Wata shekarar ma gada ce. Gadojin da Baba ya karya saboda mutumin nan, da gaske ne da babu motar da za ta ƙara shigowa Lafiya. Ban san shi da ƙarya ba sai a nan, kuma bai iya ta ba, kunnensa har rawa yake in yana yi.

Faɗa ɗaya na san sun yi da Mama, a kaina ne kuma. Baban mota ya yi shekaru bai leƙo ba, sai ga saƙo wai yana hanya. Mama tana tankaɗe, ta dire rariya.

"Wallahi ba zai gan ta ba. Gidan Gwaggo zan tura ta. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita yana ina? Wa ya saɓa ta a kafaɗa zuwa asibiti? Ko silifa ya taɓa sayo mata?"

Baba ya ce, "Ki yi mata wanka."

"Malam, kai fa nake tare wa!"

"Ban sa ki ba. Ubanta ne. Ni da ke ba mu isa mu sake wannan ba."

"To kai mene ne nata? Faɗa mini, mene ne kai?"

Ina raɓe a bayan randa ina jin su. Na ce yau zan ji. Baba ya murza yatsan ƙafarsa a cikin rairayi.

Ya ce, "Ni mijinki ne."

Mama ta ja ni bayan gida ta yi mini wanka tana dirza kamar ni na yi laifin. Ta yi kwanaki ba ta ce masa ci kanka ba, sai dai ta dire masa kwano ta wuce. Shi kuwa ya ci, ya ce an gode, ya ce miya ta yi daɗi, abin da ya ƙara ƙona mata rai.

Ko ranar ɗaurin aurena haka aka yi. Dangin mijina sun ɗauka Baba ne zai ba da ni, shi suka sani. Ya ce a'a, yarinya tana da waliyyi. Ya sa aka yi ta cigiya a tashoshi har aka samo Baban mota, ya ɗinka masa babbar riga, ya zaunar da shi a gaban liman. Ƙannena suka ba ni labari cewa lokacin da ake shafa fatiha, Baba yana can bayan sahu da tiren goro yana rabo. Mutane suka yi ta yabonsa, wai ya san shari'a, ya san girma. Ni a cikin lulluɓi haushi nake ji. Ba sanin shari'arsa nake so ba. So nake sau ɗaya a duniya ya yi rashin kunya, ya ture wani ya ce wannan tawa ce.

Amma abin da ya fi ci mini rai ya riga wannan da nisa, ina gab da gama firamare. Baban mota ya sake aure, ya kama gida can arewa, sai ya zo ba da biskit ba, ya zo da magana. Ya ce ya tambayi malamai: uwa in ta auri wani, riƙo ya fita hannunta, kakata ta wajen uwa kuma ta rasu, saboda haka zai tafi da 'yarsa. Baba ya sa hula ya je wurin limamin unguwa, ya dawo yana tafiya a hankali. Liman ya ce gaskiyar mutumin ce, mijin uwa ba shi da ta cewa. Mama ta faɗi a tsakar gida tana birgima, mata suka kama ta. Na zuba wa Baba ido. Ya ce, "To, ba laifi."

Da hannunsa ya haɗa mini kaya. Ya ninke kayan makarantata, ya sa allona, ya sa kwanon cin abincina mai lotsattsen gefe, ya ɗaure jakar da igiya tamau irin ɗaurin buhun gyaɗa. Ya ɗora a keke, ni a baya, Baban mota yana biye da mu a ƙafa, don a motar haya ya zo a wannan karon. Ranar ban kama rigar Baba ba. Na riƙe ƙarfen keken na kau da kai.

A tasha aka sa ni a bas, jikin taga. An yi ruwa da safe, ko'ina caɓi, gilashin ya yi raɓa. 'Yan kamasho suna ta ihu, mai rake yana buga mota, ni duk kamar daga cikin rijiya nake jin su. Na rantse a raina ba zan kalli Baba ba. Da na gaji na goge gilashin da gefen hijabi, sai na hango su biyun a bayan rumfar mai shayi. Dogon yana tsaye. Gajeren kuwa na ga ya ƙara gajarta, ya yi ƙasa, hularsa a hannu. Na ce silifarsa ce ta sake tsinkewa, don kullum cikin gyaranta yake da waya. Gilashin ya sake rufewa, na bar shi haka.

Can sai Baban mota ya buɗe ƙofa, bai kalle ni ba. "Sauko. Mota ta cika, sai wani zuwan." Na dubi kujerar da ke kusa da ni, ba kowa a kai. Na sauko. Baba ya sake ɗora jakar a keke, wandonsa duk laka, ya saya mini dafaffiyar gyaɗa a ƙofar tasha. Har muka isa gida abin da ya ce kawai shi ne in riƙe da kyau, akwai santsi.

Wani zuwan nan na yi shekaru ina jiransa da faɗuwar gaba. Baban mota ya ci gaba da leƙowa jefi-jefi, har ma zuwan ya ƙara raguwa, bai sake ta da maganar ba. Da na girma sai na yanke wa kaina cewa tunawa ya yi amaryarsa ba za ta so ni ba. Abin da na riƙe shi ne, an zo ɗaukata, Baba ya ɗaure mini kaya.

Ana cikin zaman makoki, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, rana ta fito ja-ja tana haska ganyen mangwaro. Aka ce ana sallama da ni a waje. Na fita na tarar da wani tsoho ya sauko daga keke napep, ya ranƙwafa, idonsa ɗaya ya yi fari. Sai da ya yi magana na gane Baban mota ne. Ya riga ya yi wa maza ta'aziyya. Ya koma ƙarshen benci shi kaɗai, na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa yana juya carbi.

Ya ce, "Kin tuna ranar tasha?"

"Na tuna. Mota ta cika."

"Wace mota? Ke dai yaro yaro ne." Ya share bakinsa da hannun riga. "Mutumin nan ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ja ni bayan rumfa ya cire hula, ya zube gwiwa biyu a cikin laka, 'yan kamasho suna kallo, mai shayi yana kallo. Na ce Malam tashi, don girman Allah tashi, kada ka ja mini baki. Ya ƙi. Ya ce, na tambaya, an ce ba ni da haƙƙi a kanta ko kaɗan, kuma na yarda. Ba gardama na zo yi ba, roƙo na zo. Taka ce. Ka zo duk ran da ka ga dama, ka aurar da ita da bakinka, ba zan taɓa shiga gabanka ba. Amma ka bar ta ta girma a gidana. In ka tafi da ita ban san da ƙafar da zan koma gidan nan ba."

Na dafa benci.

"Na ce masa, Malam, ai kana da naka. Ya ce yana da su, Allah ya raya. Ya ce amma ita ce 'yar farina, ko sunanta ba na iya faɗa."

Innalillahi! Ni da na haihu, ni da har yau bakina ba ya iya kama sunan ɗana na fari, ni da nake kau da kai in ana yabonsa a gabana, ban taɓa kawo wannan a raina ba ko sau ɗaya. Na ɗauka nesa yake yi da ni. Ashe kunyata yake ji.

Tsohon ya ce, "Ni ma fa ina son ki, kada ki ce ba na so. Na yi tafiyar nan kujerarki ba kowa har na isa. Amma wanda ya ga abin da na gani ba ya iya ɗaukar yarinya. Tun ranar ban ƙara iya haɗa ido da shi ba. Shi ya ce in ce miki mota ta cika, wai kada ki taso kina cewa ubanki ya bar ki a tasha. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba yana raye." Ya miƙe da ƙyar, ya gyara hularsa. "To, na sauke."

Tun da aka yi rasuwar ban yi kuka ba sai a wurin nan, a ƙofar gida, a gaban maza, ba ko kunya. Na yi ta yi har mai keken ya kashe injinsa ya jira.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya wa mutane da dabbobi. Ya Ubangiji, bawan nan naka bai iya roƙon kowa komai ba, amma ya taɓa durƙusawa a cikin lakar tasha, a gaban wanda bai kai shi shekaru ba, saboda ni. Ka ɗaga shi.